Shaidar ƙuda da haƙƙin mamaci

A cikin halittun da muke zaune tare da su, da wuya a sami wadda Bahaushe ya raina kamar ƙuda. Sauro ana tsoronsa saboda zazzaɓi, kunama ana kiyaye harbinta, fara kuwa in ta ci mana hatsi mu ma mukan ci ta. Ƙuda kora kawai yake sha. Ko a karin magana ba a tuna shi sai wajen zargi, inda ake cewa ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Ƴarsa kuwa, wato tsutsa, ba a ambatarta sai a wa'azi, sa'ad da malami yake so ya tuna wa mai girman kai inda jikinsa zai ƙare. To, wannan halitta da muka raina, yau ta shiga kotunan ƙasashe da dama, har alƙalai suna sauraron abin da masana suka karanto a jikinta kafin su yanke hukuncin kisan kai. Tambayar da nake so mu duba ita ce: mu da muke gaggauta rufe mamaci, muke ganin sutura ita ce gatan ƙarshe da za mu yi masa, ya dace mu tsaya mu tambayi tsutsar da ke jikinsa? In kuwa ya dace, wace daraja za mu ba amsarta?

Bari mu fara da yadda abin yake, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Duk makiyayin da ya taɓa rasa dabba a dajin Tebaram ya san wanda ke fara zuwa gaisuwa wurin mushe (abokan aikina malaman lakwal su yi haƙuri, ba su nake nufi ba). Kafin ungulu ta fara jewa, koren ƙudan nan mai ƙyalli, wanda ke damun mahauta a kasuwa, ya riga ya sauka. Hancinsa yakan kawo shi cikin mintoci kaɗan. Ta macen tana zuba ƙwai tuli guda a ido, da hanci, da baki, da duk inda rauni ya buɗe fata. In da zafi, ƙwan yana ƙyanƙyashewa kafin kwana ya cika. Tsutsar ta shiga ci, tana girma, ta saɓa fata sau biyu, sa'an nan ta bar naman ta nemi ƙasa ta shige. A can fatarta take bushewa ta zama kwanso mai duhu, kamar kashin ɓera, daga cikinsa sabon ƙuda yake fitowa. Dukan tafiyar tana ɗaukar kwana goma ko makamancin haka a lokacin zafi, ta kai makonni uku ko fiye a wurin sanyi.

Saboda haka tsutsa agogo ce. Wanda ya san irin ƙudan da ya haife ta, ya san zafin da aka yi a kwanakin da suka gabata, ya kuma auna tsawonta, yana iya lissafa kwanakinta. Tun da yake ƙudan nan yakan zuba ƙwai ne bayan mutuwa, kwanakin tsutsar da ta fi girma su ne mafi ƙarancin kwanakin da gawa ta yi. A lura da kalmar: mafi ƙaranci. Tsutsa tana cewa "aƙalla kwana kaza", ba ta wuce nan. Likita yana iya ƙiyasta lokacin mutuwa daga sanyin jiki da sandarewarsa, amma bayan kwana biyu ko uku waɗannan alamu sun ɓace, a zafinmu ma tun kafin haka. Daga nan sai ƙwari.

Wahalar tana wajen suna. Kama da wane ba ta wane. A Afirka akwai ƙudaje da yawa ƴan gida ɗaya, waɗanda masana ke kira Chrysomya: akwai albiceps, mai tsutsa mai kaushin jiki wadda ke cin ƴan uwanta, akwai megacephala, akwai putoria ta bakin salga. Kowanne da saurin girmansa. In aka ɗauki wannan a matsayin wancan, lissafi ya karkace da kwana ɗaya ko biyu, kwana biyu kuwa sun isa su raba wanda yake gari da wanda yake kasuwar Tawa ranar da abin ya faru. Babban ƙuda ana gane shi da madubin ƙara girma. Amma ƙwai, da ƙaramar tsutsa, da guntun ƙafa, da kwanson da mai shi ya fice ya bari, kusan duk kamarsu ɗaya. A da, dabarar ita ce a kiwata tsutsar da nama har ta zama ƙuda, sa'an nan a ba ta suna. In ta mutu a hanya, shi ke nan.

Nan ne ƙwayar gado ta shigo, wadda Faransawa ke taƙaita sunanta ADN. Wani dogon rubutu ne da ke cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai, an yi shi da haruffa huɗu kacal, jerinsu kuma ya bambanta daga jinsi zuwa jinsi. A shekarar 1994 masana uku a Kanada, Sperling da Anderson da Hickey, suka nuna cewa ana iya karanta wani yanki na rubutun daga jikin tsutsa a gane ƙudan da ya haife ta. A 2003 kuma Paul Hebert na jami'ar Guelph, a can Kanada, ya kawo shawarar a tsai da layi ɗaya mai haruffa wajen 650, wanda ake kira COI, ya zama shi ne lambar shaidar kowace dabba. Aka buɗe babban kundi a intanet, wanda yanzu ya tara miliyoyin irin waɗannan layuka, kowanne da sunan halittar da aka ciro shi. Mai bincike ya niƙa ƙafar ƙuda ko guntun tsutsa, ya karanta layin, ya gwada da na cikin kundi. Har daga busasshen kwanson da ya daɗe a ƙasa an yi nasarar ciro shi.

Abin bai tsaya ga sunan ƙwaro ba. A ƙasar Meziko an taɓa tsintar gawa a daji, wuta ta cinye ta har ba a iya gane fuska. Wani mutum ya riga ya kai ƙarar cewa an sace ƴarsa makonni goma da suka wuce. Ya gane zoben da aka samu a wurin, amma zobe ba mutum ba ne. Likitocin jami'ar Nuwebo Leyon suka ɗauki tsutsa uku daga gawar, suka buɗe cikinsu, suka sami ADN ta ɗan Adam a abin da suka ci, suka gwada da ta mahaifin. Sakamakon ya wuce kashi 99 cikin ɗari cewa ƴarsa ce. An buga rahoton a 2013. Naman da tsutsa ta ci ya tafi, ba mai dawo da shi. Abin da aka karɓo daga cikinta suna ne, da shi kuma uba ya san kabarin da zai tsaya a kansa.

Mai karatu zai ce wannan duk ilimin Turawa ne. Na'urar tasu ce, gaskiya, amma tunanin ya girme su. A ƙasar Sin, wani alƙali mai suna Song Ci ya rubuta littafin binciken gawa a shekarar 1247, a ciki ya ba da labarin mutumin da aka sassare da lauje. Mai bincike ya sa mutanen ƙauyen suka jera laujensu a ƙasa cikin zafin rana. Duk an wanke su, amma ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, mai shi kuma ya amsa laifinsa. Mu ma muna da namu, kusa da mu ƙwarai. Suratu Saba'i, a aya ta 14, ta ba da labarin rasuwar Annabi Sulaimanu, alaihis salam: yana tsaye dogare da sandarsa, aljannu suna ta aikin wahala ba su san ya cika ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Malam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo wata ruwaya a tafsirinsa cewa da aka so a san tsawon lokacin, sai aka ɗora garar a kan sandar ta ci yini da kwana, aka auna abin da ta ci, aka lissafa, aka tarar shekara guda ke nan. Malaman ruwaya su ne masu auna ƙarfin wannan labari. Abin da ya ja hankalina shi ne dabarar: a san saurin cin ƙwaro, a auna abin da ya ci, a fitar da ranar mutuwa. Ita ce dai ake bi yau a ɗakunan bincike, an kuwa rubuta ta da Larabci fiye da shekara dubu da suka wuce, a littafin da malamanmu suke karantarwa.

To, mene ne namu a ciki, mu mutanen Adar? Ƙasarmu ƙasar bida ce. Da an gama girbi samari sun kama hanya, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya da Aljeriya, ba kuwa duka ke dawowa ba. A gabas da yammacinmu makiyayi yakan yi makonni shi kaɗai da dabbobinsa, ga rashin kwanciyar hankalin da ya addabi iyakar Mali a shekarun nan. Gawar da aka tsinta a daji, ba suna, ba rana, ba baƙon abu ba ce gare mu. Kowa yana tune da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka gano gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen Kance ta jahar Damagaram. Motoci biyu da suka ɗauko su zuwa Tamanrasat ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Waɗanda suka je nemansu sun tarar da su a warwatse, jikkuna sun riga sun lalace, dila ta taɓa wasu. Aka yi musu sutura a can inda aka same su, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗannan an ƙirga su, domin suna da yawa kuma wasu daga cikin ayarin sun tsira sun ba da labari. Mai tafiya shi kaɗai fa?

Ranar mutuwa a wurinmu tana da nauyin shari'a. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, a mazhabar Maliku kuma daga ranar rasuwa ake fara ƙirga ta, ko da labari ya makara. Gado yana bin wanda ya riga wani: in uwa da ɗa suka mutu tare, ba a san wanda ya fara cikawa ba, ba su gadon juna, rabo ya sauya ke nan. Wanda ya ɓata kuwa, Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta ce matarsa za ta jira shekara huɗu daga ranar da ta kai magana gaban hukuma aka neme shi aka rasa, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuma ba a raba ta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wucewa a raye, waɗanda Muhtasar na Halil ya tsayar a kan saba'in. Kotunanmu na Nijar, a sha'anin aure da gado, al'adar masu ƙara suke bi, al'adar kuwa a nan wannan fiƙihun ce. Ku duba mace mai shekara ashirin da biyar a wani ƙauye na Tebaram, da ƴaƴa uku, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, gonar miji ba ta rabuwa, dangi suna kallonta tana kallonsu. Mai yiwuwa mijin yana kwance shekara biyu a kabarin da wasu bayin Allah suka haƙa masa a gefen hanya. Sun sami lada, babu shakka. Amma sun rufe shi tare da sunansa da ranarsa, waɗannan biyun kuwa rabon masu rai ne.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa jikin mamaci yana da alfarma. An umarce mu da gaggauta jana'iza, hadisi kuma ya daidaita karya ƙashin matacce da karya na mai rai. Shi ya sa iyalai da yawa suke ƙin a kai gawarsu asibiti a tsaga ta, suna ganin mutuwa ɗaya ta isa, ba sai an ƙara da wulaƙanci ba. Ina girmama wannan ƙyama, domin daga ƙauna ta fito. Sai dai a duba da kyau: wanda ya ɗauki tsutsa bai taɓa jikin da wuƙa ba. Cokali da kwalba yake buƙata, da ɗan lokacin da bai kai na haƙa kabari ba. Yana iya ɗibar abin da ya riga ya sauka daga jikin, ko kwanson da ke cikin ƙasar da gawar ta kwanta a kai, bayan an ɗauke ta. Wanka, da likkafani, da salla, babu wanda zai jinkirta. Ni a ganina, a cikin dukan hanyoyin binciken mutuwa da zamani ya kawo, babu wadda ta dace da mutanen da ke rufe mamaci a yini ɗaya kamar wannan. Mu ne muka fi kowa buƙatarta, domin mu ne muka fi kowa saurin rufe sauran alamu.

Hujja ta biyu ta fi zurfi, ita ce ta ƙaddara. Kwana ya ƙare, in ji mu, tonon me kuma? Sau da yawa wannan magana haƙuri ce na gaskiya, wani lokaci kuwa tsoro ne ya sa rigar haƙuri: tsoron jandarma, tsoron zirga-zirgar kotu, tsoron kada bincike ya biyo ta ƙofar wani mai ƙarfi. Amsar tana cikin ƙissar Annabi Yusufu. Da ƴan uwansa suka kawo rigarsa da jini suka ce kerkeci ya cinye shi, mahaifinsu Annabi Yaƙuba ya zaɓi kyakkyawan haƙuri, amma bai yarda da labarinsu ba. Masu tafsiri sun ce ya duba rigar ya ga jini, bai ga yaga ko ɗaya ba. Malam Ƙurɗubi, Bamalike, ya ce daga nan malaman fiƙihu suka kafa hujjar aiki da alamu. A cikin surar dai, riga ta sāke yin magana a gidan Azizu na Masar, inda yagar baya ta wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Ashe wanda ya fi mu haƙuri ya duba riga. Ibn Farhun, alƙalin Madina, ya tara misalai masu yawa na hukunci da irin waɗannan alamu a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Tsutsa alama ce daga cikinsu, ba bidi'a ba ce.

Zuwa nan na tsaya wa ƙuda. Yanzu kuma dole in ja masa birki, domin hatsarin da na fi tsoro yana ɓangaren masu yarda da shi fiye da kima. Akan ji mutane suna cewa ƙwaro ba ya ƙarya, ba ya karɓar toshiyar baki, ba shi da dangi a gari. Haka ne. Amma kuma ba ya rantsuwa, ba ya amsa tambaya, bai ma san ana shari'a ba. Fiƙihunmu yana neman shaida ya zama adali, mai hankali, wanda za a iya tsarkake shi ko a soke shi. Ƙuda ba adali ba ne, ba fasiƙi ba ne. Shaidar gaskiya a wannan sha'ani mutum ne: wanda ya ɗiba, wanda ya rubuta, wanda ya ɗauki kwalba ya kai, wanda ya karanta, wanda ya fassara wa alƙali. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya kuskure, yana kuma iya cin amana.

A koma ga laujen Song Ci. Ƙudajen sun ce akwai jini, ba su ce na wane ne ba. Da mai laujen ya yanka kaza da shi da safe, da a kansa za su sauka. Amsa laifin da ya yi shi ne ya rufe shari'ar, mu kuwa mun san hanyoyin da akan bi a sa talaka ya amsa abin da bai yi ba. A Faransa, likita Bergeret na garin Arbois shi ne ya fara kai lissafin ƙwari gaban shari'a a Turai. An tsinci busasshiyar gawar jariri a bayan murhun wani gida a 1850, ya duba ƙwarin da ke jikinta ya ce mutuwar ta faru tun 1848, zargi ya sauka daga kan waɗanda ke zaune a gidan a lokacin. Abin yabo ne cewa aikin farko na wannan ilimi wanke marar laifi ne. Amma masana na baya sun nuna cewa ya gina lissafinsa a kan zaton cewa ƙwarin nan shekara guda suke ɗauka kafin su rikiɗa, alhali ba haka ba ne. Bayansa Mégnin, likitan dabbobi na soja, ya wallafa La Faune des cadavres a 1894, inda ya jera rundunonin ƙwari takwas masu zuwa wa gawa bi da bi. Tsari ne mai daɗin koyarwa a aji, sai dai daji ba ya bin sa layi-layi. A zamaninmu ma, a shari'ar David Westerfield da aka yi a San Diyego ta Amurka a 2002, masanan ƙwari huɗu ne suka tsaya gaban kotu a kan gawa ɗaya, kowa da kwanakin da ya fitar.

ADN ta rage wannan saɓani ta gefe ɗaya kawai. Tana ba da suna, ba ta ba da kwanaki. Ko sunan ma wani lokaci takan yi tuntuɓe: a Afirka ta Kudu an sami ƙudaje biyu ƴan gidan Lucilia, cuprina da sericata, da suka yi barbara a tsakaninsu har layin COI na ɗaya ya bayyana a jikin ɗayan. Kundin intanet kuma abin da aka zuba masa kawai ya sani; in wanda ya zuba ya yi kuren suna, na'ura za ta maimaita kuren da cikakken ƙarfin hali. Shi ya sa nake ganin majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta yi hangen nesa a zamanta na Makka a 2002, da ta yarda a dogara da gwajin ƙwayar gado wajen binciken laifi da gane gawa da ɓatattu, amma ta ƙi a tsai da haddi ko ƙisasi a kansa. Alama tana da ƙarfin wanke mutum fiye da ƙarfin rataye shi. In tsutsa ta ce gawa ta yi aƙalla kwana shida, wanda ake tuhuma kuwa shekaranjiya ya sauka daga motar Abijan, wannan ya isa a sassauta masa. In ta ce kwana shida, shi kuma yana gari kwana shida da suka wuce, to, duk garin ma suna nan.

Sai kuma a tuna wa ke tsaye gaban alƙali. Manomi ne ko makiyayi wanda bai yi lakwal ba, an karanta masa takarda da Faransanci, mai hatimin wani ɗakin bincike na nesa, cike da sunayen Latin. Da wane baki zai musa? Shaidar mutum ana iya ce mata: ina kake tsaye, wa ya gan ka? Takarda mai hatimi ba a yi mata haka. In ilimin nan zai shigo ƙasarmu, sai ya shigo tare da haƙƙin wanda ake tuhuma na a ajiye rabin abin da aka ɗiba, domin wani masani dabam ya sāke dubawa, da kuma haƙƙinsa na a yi masa bayani da harshen da yake ji. Wannan na biyun aikinmu ne, mu malaman harshe. Muddin Hausa ba ta da kalmomin da za a bayyana wa mutum hujjar da za ta ɗaure shi, to, hukunci ne kawai aka yi masa da wani harshe.

Akwai giɓin da ya fi wannan girma. Jadawalin girman tsutsa da masana ke aiki da shi, akasarinsa an auna shi ne a ƙasashe masu sanyi, ko a ɗakunan da aka daidaita zafinsu. Bazarar Adar tana wuce digiri 40, darenmu na ɗari yana sa mutum neman wuta, iskar hunturu kuma tana busar da nama kafin ƙuda ya gama aikinsa. A hamada irin ta bayan Arlit jiki bushewa yake yi, sai aikin ya koma hannun ɗan baƙin ƙwaron nan mai ɓata fatu da busasshen kifi, wanda ake kira Dermestes, lissafinsa kuwa na makonni ne da watanni. Ba zai faɗi wanda ya riga cikawa tsakanin uwa da ɗanta ba. A damina kuwa, a fadamun kudu, abin ya sha bamban. Kowane yanayi yana buƙatar nasa jadawalin, ba kuwa wanda zai zo daga waje ya yi mana shi. Ƙasarmu ba ta rasa masanan ƙwari ba: a jami'ar Abdu Mumuni, da cibiyar AGRHYMET, da INRAN, an daɗe ana nazarin fara da murzunar gero, a CERMES ta Yamai kuma ana nazarin sauro har da ƙwayar gadonsa. Yunwa da zazzaɓi ne suka tsara musu aiki, ba wanda zai zarge su. Amma na'urar da ke karanta sauro ita ce dai ke karanta ƙuda.

Wani zai ce ƙasar da asibitocinta ke neman magani ba ta da rarar da za ta kashe wa tsutsa. Karatun ADN yana da tsada, na yarda, amma yana iya jira. Abin da ba ya jira shi ne ɗiba, ita kuwa kusan kyauta ce. Da an rufe kabari, an share wurin, dama ta wuce har abada. In kuwa an ajiye kwalba, ko bayan shekara biyar ana iya buɗe ta ranar da wata mata ta zo neman mijinta. Haka ma jadawali: malamin kimiyyar halitta a kwalejin ƙauye, da ɗalibansa, da mushen akuya, da ma'aunin zafi, da littafin rubutu, suna iya fara shi a wannan daminar. Makiyaya da mahauta da majema sun san ƙwarin nama fiye da mu, sun san wanda ke zuwa da fari da wanda ke zuwa bayan fata ta bushe, suna kuma da sunayen da suke kiransu da Hausa da Tamajak da Fillanci, waɗanda ƙungiyoyin al'adu za su iya tattarawa su ajiye kusa da na Latin.

Ɗibar kanta ba ta fi ƙarfin majon asibitin ƙauye ko jandarman da ya fara isa wurin ba. A zaɓi tsutsotsin da suka fi girma, wajen ashirin ko talatin, a tsoma su cikin ruwa mai zafi ƙwarai na rabin minti domin su miƙe kada su ƙanƙance, sa'an nan a zuba su a kwalba mai alkol irin na asibiti. A tona ƙasar da ke ƙarƙashi da kewaye a nemi kwanso, a sa shi a wata kwalbar dabam. A rubuta ko wurin inuwa ne ko rana, ko jikin a rufe yake ko a buɗe, ko an yi ruwa a kwanakin. Sa'an nan a yanki ƴar takarda a rubuta wuri, da rana, da sa'a, da sunan wanda ya ɗiba da na mutum biyu da suka gani, a jefa ta cikin kwalbar kafin a rufe. Da fensir ake rubuta ta, domin alkol yana wanke tawada.